Murfin Kogon Damo

Litinin, da yamma

Wuyan hannuna na hagu ya fara ƙaiƙayi. Ban gaya wa kowa ba. Ƙuraje ne ƙanana jajaye, sun yi layi kamar cizon tururuwa. Na san su. Haka na Baba suka fara bara, shi ma a wuyan hannu, yana sosawa yana cewa sauro ne.

Na sa rigata mai dogon hannu. Umma ta ce, "Ke kuma da wannan zafin?" Na ce sanyi nake ji. Ta taɓa goshina, ta ce babu zazzaɓi, ta ci gaba da yanka albasa.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko zan ji sauƙi. Baba duwatsun ƙarya yake yi. Ba na gini ba, na gidan namun daji, waɗanda ake sa wa macizai da kunkuru da ƙadangaru a ɗakunansu na gilashi. Ana sassaƙa farin soso, irin wanda ake sako sabon firji a ciki, a shafe shi da rezin, a watsa yashi, a yi kala. Rezin ruwa ne mai kauri kamar zuma. Idan an haɗa shi da ɗan'uwansa na ƙaramin galan, sai ya daskare ya yi tauri kamar ƙashi. Dutsen da Baba ya gama, ko akuya ta gani sai ta so hawa, amma ni kaɗai ina iya ɗaga shi.

Tun da na gama firamare nake shagonsa da ke bayan gidanmu. A can ba a tambayata komai. Daga "miƙo" sai "riƙe". Shi ya sa nake son wurin.

Tun ranar nan da aka kwashe shi daga shagon zuwa asibiti Baba bai sake shiga ba. Likita ya ce jikinsa ya ƙi rezin, kuma idan jiki ya ƙi shi, ya ƙi ke nan har abada. Ko warinsa ba a so ya shaƙa.

Aiki ɗaya ya rage, dutsen damo. Ni da Yaya muke ƙarasawa.

Talata, da hantsi

Makullin shago yanzu a wuyan Umma yake, ta zura shi a igiya. Ita take buɗewa kullum. Ta wangale ƙofar baya da tagar baya, ta tsaya ta jero mana dokokinta. Safar hannu. Takunkumi. Yaya ne kaɗai zai taɓa rezin. Ni nawa yashi da sassaƙa da shara.

"Wannan ɗin kawai," in ji ta, "saboda an yi alkawari, kuma dabbar Allah tana jira. Amma wallahi in na ga ƙurji ɗaya a jikin ɗana, ko na sauro ne, sai na garƙame shagon nan na jefa makullin inda ko ni ba zan same shi ba."

Yaya ya ce, "Haba Umma, ni da baƙin mai ya riga ya rine? Ƙurjin ma ina zai sami fili?"

"Rufe min baki."

Shi gyaran babur ne aikinsa, da rana yake zuwa ya taya mu. Da yamma Umma takan kama hannuwansa ta juya su gaba da baya kamar mai sayen kifi. Nawa ba ta dubawa. Ni ai yashi ne aikina.

Baba a waje yake zama, a kujerar roba, bayan tagar gilashi ta gaba wadda ba a buɗewa. Idan yana son magana sai ya ƙwanƙwasa gilashin da cokalin shayinsa. Hannuwansa a naɗe suke da bandeji har kusa da gwiwar hannu. Cokalin ma da ƙyar yake riƙewa.

Laraba, da rana

Ga inda matsalar take. Idan an shafa rezin, ba nan take ake watsa yashi ba. In an yi gaggawa yashin ya nutse, dutse ya fito da sheƙi kamar alewa. In an makara ya ƙi kamawa, ya zube. Akwai ɗan lokaci a tsakani, kuma agogo ba ya faɗarsa, don ranar zafi daban, ranar hadari daban. Baba da cikin wuyan hannunsa yake ganewa, kamar yadda ake gwada madarar jariri. Ya ɗora, ya ɗaga. In ya ja fata ya sake ta ba tare da ya yi zare ba, lokaci ya yi.

Bai taɓa ce min in koya ba. Kallo na yi, na gwada. Wata rana ya kama ni, ya yi dariya ya ce, "Uwata ta sace min sana'a."

Yaya da safar hannu ba ya jin komai. Shafin farko da ya yi shi kaɗai, Baba ya leƙo ya ce, "Wannan dutse ne ko kan mai sanƙo?" Sai da muka kankare duka da samfefa.

Yanzu haka muke yi. Yaya ya shafa. Mu jira. Baba ya ƙwanƙwasa ya ce, "Uwata, ya yi?" Ni kuma in sunkuya kamar zan ɗauki rariya, in ɗan ja hannun riga, in taɓa ta bayan dutsen, inda taga ba ta gani. In girgiza kai ko in ɗaga.

Bai tambaye ni yadda nake sani ba.

Alhamis, da yamma

Yau ma ban faɗa ba. Idan an gama wannan.

Asabar, da yamma

Yau mun je awon damo. Ƙasan dutsen da gefensa mun riga mun yi, saura kogon da zai riƙa shiga. Baba ya ce kogo ba a yin sa da ido. Dole rufin ya riƙa gogar bayan dabba, in ya yi faɗi ba za ta ji a ɓoye take ba. Ya ba ni zare ya ce in ƙulla tsawo, in ƙulla kauri, in ƙulla tudun baya.

Yaya ya goya ni a babur. A hanya yana ta cewa, "Gidan Rediyo, ki rage surutu mana, ba na jin hon." Haka yake kirana tun ina ƙarama, don ba na magana.

Ɗakin masu rarrafe da ɗumi, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mai kula da su wata gajeriyar mata ce da manyan takalman roba. Anti mai damo muke ce mata. Tana yi wa dabbobin magana kamar 'yan haya. "Maigida, ga baƙi," ta ce da ta buɗe gilashin.

Yana kwance a lungu, ya cusa kansa ƙarƙashin tsohuwar jarida. Ya fi hannuna tsawo nesa ba kusa ba. Hancinsa ya saɓule don gogar gilashi. Anti ta ce kututturen da yake ɓuya a ciki ne ya ruɓe aka fitar, tun lokacin ko ƙwai aka ajiye masa sai dai ya kalla. "Tsirara yake jin kansa," in ji ta. "Ke za ki iya cin abinci a tsakiyar titi?"

Na girgiza kai. Gaskiya ba zan iya ba.

Ta riƙe shi, na auna. Fatarsa kamar samfefa, da sanyi. Bai motsa ba, ido kawai yake bin hannuna da shi.

Ta ce, "Ƙanwata, ki gaya wa Babanki ina son murfi a saman kogon."

Yaya ya ce, "Kai, Anti, Baba da murfi ba sa ga maciji."

"Ni ma ba don ado nake so ba. Bayin Allahn nan ba sa kuka, ba sa ɗingishi. Ciwo zai yi wata da watanni yana cin sa, kana ganinsa kwance lafiya lau. Ranar da ka gane, aikin gama ya gama. In zan ba shi wurin ɓuya, dole in sami yadda zan ɗaga in duba."

"Damo sarkin haƙuri," in ji Yaya. Ya nuna ni da haɓa. "Ai muna da irinsa a gida, sai dai tamu tana cin abinci."

Suka yi dariya. Ni ma na yi. Na ja hannun rigata ƙasa.

Lahadi, da hantsi

Baba ya ce, "Dutse ba tukunya ba ne da za a yi masa murfi. Duk yadda ka yi, tsagar sai ta nuna. Yaro ɗan shekara biyar zai gane."

Na shiga na ɗauki gawayi na zana a kan farin soson. Ban yi layi miƙaƙƙe ba, na yi shi a karkace, yana tsayawa yana juyawa, kamar tsagar bangon bayan gidanmu da na daɗe ina kallo. Sannan na zana wasu tsagogin kusa da shi, na ƙarya, masu gitta shi su wuce. In tsaga ta yi yawa wa zai san wadda ake ɗagawa?

Na juyo da soson wajen taga. Baba ya daɗe yana kallo. Shayinsa har ya huce.

Ya ƙwanƙwasa. "Yanka."

Duk yinin yau wuƙa da soso. Babu rezin. Hannun bai dame ni sosai ba.

Talata, da yamma

Na koma gwadawa da na dama, don na hagu ya huta. Yanzu duka biyun ne. Ruwan wanke-wanke kamar barkono. Ina yi ina cije leɓe, ina ba Umma baya.

Kofin nan yana nan a ƙarƙashin tebur. Wanda Baba yake juyawa ranar nan. Rezin ɗin ya daskare da sandar a tsaye a ciki. Kullum in na zo shara sai in kewaye shi. Yaya ya ce in jefar, na ce to.

Ban san fuskar mutum tana iya kumbura kamar yadda ta Baba ta yi ba. Idanun sun ɓace. Da ƙarar nan da numfashinsa yake yi, kamar ana jan tebur a siminti. Yaya ya saɓa shi a kafaɗa kamar buhu, takalminsa ɗaya ya faɗi a bakin ƙofa. Ni na tsaya da rariya a hannu. Umma tana ta kiran sunana in kawo mayafinta, ina jin ta, ƙafata ta ƙi.

Ba wannan na zauna rubutawa ba. Yau mun shafe cikin kogon. Ya yi kyau.

Laraba, da rana

An yi ruwa. Rezin ya ƙi kamawa da wuri. Sau da yawa na gwada.

Alhamis, da yamma

Ina tankaɗen yashi a tsakar gida na ji su ta taga. Yashi kala uku muke raba shi, mai laushi na cikin kogo don kada ya ji wa cikinsa ciwo, matsakaici na jiki, mai tsakuwa na gefen da zai riƙa gogawa in zai yi saɓa. Ban so ji ba, amma rariya ba ta da ƙarar da za ta rufe murya.

Umma ta ce Kawu ya yarda, akwai kujera a shagonsa na kayan gini.

Baba ya ce, "Tun kafin a haifi yaron nan nake yin dutse. Yanzu in je in zauna ina auna wa mutane ƙusa?"

"Ka zauna kana numfashi dai."

"Ai ba ni nake taɓawa ba yanzu."

"'Ya'yana ne suke taɓawa."

"Da safa. Kina dubawa kullum. Kin ga wani abu?"

Sai na ji Umma ta ce, a hankali, "Ni na zauna a bencin asibitin nan, ba kai ba. Kai ba ka san inda kake ba."

Na ci gaba da tankaɗe. Sai daga baya na lura na zuba mai tsakuwa a bokitin mai laushi. Na sake daga farko.

Jumma'a, da yamma

Mun fito da murfin waje don Baba ya gani daga nesa. Yashin ya kama ko'ina daidai, babu sheƙi ko kaɗan. Baba ya yi murmushin da na daɗe ban gani ba. Ya kira Umma daga kicin.

"Zo ki ga aiki. Wallahi hannun Uwata nawa ne sak."

Umma ta kalli bandejinsa. Ta ce, "Allah ya kiyaye."

Yaya ya ce, "To ni fa, da na shafa? Ko jaki ne ni, in yi dako a yaba wa mai kaya?" Babu wanda ya yi dariya, sai shi.

Idan an gama wannan.

Asabar, da hantsi

Da na zo shara wajen tagar baya na ga man shafawar Baba a kan dakalin tagar. Wanda asibiti suka ba shi, mai farin murfi. An matse rabinsa. Ba nan yake zama ba, a ɗaki yake zama, kusa da gadonsa.

Na leƙa ta gilashi. Yana kujerarsa yana juya shayi, yana kallon kaji.

Na sa shi a aljihu. Na shafa a bayan ƙofa. Da sanyi, har na ji hawaye ya zo. Ban san ko na daɗi ba ne.

Da ya ƙwanƙwasa anjima, abin da ya ce kawai, "Uwata, ya yi?"

Na ɗaga kai.

Lahadi

Ban fita ba. Na ce kaina ke ciwo.

Talata, da yamma

Shafi ya ƙare. Yanzu kala, kuma kala tawa ce, Umma ma ta yarda don da ruwa ake dama ta.

Baba ya ce dutsen gaske ba shi da kala ɗaya, kuma ba ya da tsabta. Da farko baƙi-baƙi mai ruwa, a kwarara shi ko'ina ya shiga ramuka da tsagogi, a goge sama da tsumma. Ya bushe. Sai ruwan ƙasa. Sai a ɗauki buroshi a tsoma a kala mai haske, a goge shi a takarda har ya kusa bushewa, a riƙa shafar tudu-tudun kawai, sama-sama, kamar ana kaɗe ƙura. Nan ne dutse yake tashi. Ina son wannan wurin fiye da komai. Kana kallo soso ya tafi, wani abu mai nauyi ya zo ya zauna.

Na sa jan tsatsa a ƙarƙashin wata tsaga, kamar inda ruwa ya saba bi. Yaya ya ce saura kashin tsuntsu. Wasa yake yi, amma Baba ya ƙwanƙwasa ya ce a sa. Na ɗiga fari a gefe ɗaya na bar shi ya gangara.

"Shi ke nan," in ji Yaya, "a rubuta a tarihi, gudummawata kashi ce."

Har Umma sai da ta yi dariya daga bakin ƙofa.

Alhamis, da rana

Mun sa dutsen a rumfa yana shan iska, da ƙwan fitila mai zafi a kansa, irin wanda damo zai kwanta a ƙarƙashi. Anti ta ce ba za ta karɓa ba sai an gasa shi an cusa hanci cikin kogon ba a ji komai ba. Kullum ina cusa kaina. Yau saura kaɗan.

Hannun ya fara bushewa. Yana saɓa kamar na damo. Wataƙila zai tafi da kansa, in ce ba a yi ba.

Litinin, da yamma

Mun kai.

Baba ma ya je, tunda wari ya tafi. Umma ta sa masa maganinsa a aljihu, ta ce wa Yaya in ya ga ko tari ya yi a juyo. Maƙwabcinmu mai a-kori-kura ya ɗauke mu. Ni da Yaya a baya muna riƙe da dutsen da aka naɗe da bargo, mutane suna kallonmu suna mamakin ƙarfinmu.

Kafin a shigar da shi Baba ya kwance bandejin hannu ɗaya ya shafa dutsen, tun daga sama har ƙasa. Wannan ne karo na farko da ya taɓa shi.

Anti ta zagaya shi, ta sake zagayawa. Ta ja nan, ta ja can. "Malam, mun yi da ku za a sa murfi fa."

Baba ya ce, "Tambayi mai shi."

Na sa yatsa a ƙarƙashin kashin tsuntsun na ɗaga. Anti ta riƙe baki. "Ke! Ashe shiru-shirun nan ba na banza ba ne."

Damo bai shiga nan take ba. Ya fito daga jaridarsa yana zaro harshe yana mayarwa. Ya lasa gefen, ya ja baya. Ya hau sama ya sauka. Mun tsaya har ƙafata ta gaji. Can ya sa kai a bakin kogon, ya tsaya, sai ya shige a hankali, bayansa yana gogar rufin, ina jin ƙarar. Wutsiya ta rage a waje. Ita ma ya janye ta.

Anti ta bari ya ɗan jima, sannan ta ɗaga murfin. Ya ɗago kai ya yi mata huci. Ta ce, "Yi haƙuri, maigida, dubawa ce kawai." Ta kalli hancin, ta kalli ƙafafun, ta mayar ta rufe. Bai fito ya gudu ba. Ya ci gaba da zamansa.

Na ce a raina, to, an gama wannan.

Muna bakin ƙofa Anti ta ce, "Af, Malam, mesa fa? Ita ma tana son nata. Babba, da wurin ruwa a gefe. Ya ninka wannan."

Baba bai kalle ta ba, bai kalli fuskata ba. Hannun rigata ya kalla. Ya ce, "Ni yanzu baki ne kawai. Uwata ce mai hannu. Ita za ta faɗa."

Anti ta ce, "Za ki iya, ƙanwata?"

Duk suna kallona. Kaina ya ɗaga kansa da kansa.

Talata, da yamma

Umma ta ce, "Dutse ɗaya na ce."

Baba ya ce, "Kin ce in kin ga ƙurji. Ga yaro nan, duba shi."

Yaya ya miƙa hannuwa yana juya su. "Sabbi fil, ko a kanti."

Umma ta duba har tsakanin yatsu. Ta daɗe tana taɓa makullin da ke wuyanta. Ta ce za ta yi tunani. Na san wannan muryar. In ta ce za ta yi tunani da wannan muryar, ta kusa yarda.

Ina zaune a gefenta ina tsince shinkafa. Da ta miƙo hannu kaɗan za ta taɓa ni.

Laraba, da rana

Anti ta kira wayar Yaya. Damo ya ci ƙwai biyu.

Alhamis, da hantsi

Umma ta buɗe min shago in share. Ban taɓa komai ba, galan-galan ɗin a rufe suke. Ban daɗe ba na ji fatar idona tana ƙaiƙayi. Na duba a gilashin taga. Ta ɗan tasa, kaɗan, sai wanda ya sani.

Na Baba ma daga hannu ido ya koma. Daga ido sai ranar nan.

Na fito na wanke fuska na zauna a rumfa. Baba yana kujerarsa. Ya ce, "Har kin gama?" Na ce ƙura ce ta shiga min ido. Ya ce, "Ƙura." Ya juya cokali a kofin da babu shayi a ciki.

Mun daɗe a haka. Ina jin yana jira in faɗa, shi kuma yana jin ina jira ya faɗa. Ni da Baba kamarmu ɗaya, ba a hannu kaɗai ba.

Jumma'a, da yamma

Yau na yi 'yan ayyuka.

Da Umma ta buɗe shago na toshe hanci da takunkumi na shiga da sauri na kwaso wuƙaƙen sassaƙa, da rariya ukun, da burosai, da garin kala, da babban soson da ya rage. Duk abin da yake busasshe. Na jera su a rumfa na rufe da bargo. In an garƙame ƙofar, waɗannan suna waje. Ban san me za a yi da dutsen da ba a shafa ba. Wataƙila akwai wani abin shafawa da ba ya cin mutum, wataƙila babu. Zan tambayi Anti da bakina, in kuma gaya mata kaina ya yi gaggawa ranar Litinin.

Kofin nan mai sanda na jefar da shi.

Man shafawar na mayar kusa da gadon Baba, inda yake zama. Ya gan ni. Da zan fita ya ce, "Uwata." Na tsaya. Ya ce, "Murfin nan, ni ban taɓa yin irinsa ba." Na ce to.

Ba zan ce Baba ne ya koya min gwada rezin da wuyan hannu ba. Kallo na yi na koya, kuma gaskiya ne. In Umma ta tambaye shi ko ya sani, wannan amsar tasa ce.

Na yi ta neman kalmomin da zan faɗa, duk sun yi min tsawo. Sai na ga ba sai na yi magana da yawa ba. Ni nake kai shayi da safe, su biyun suna zaune.

Na goge shuɗiyar rigata na rataye a ƙusa. Hannunta bai kai gwiwar hannu ba.